Hayaƙin Salansa Ba A Huhu Yake Tsayawa Ba

Wai an yi gyara. A 2024 Tarayyar Turai ta amince cewa nan da 2030 za a rage yawan iskar nitrojin dayoksaid, wato NO2, da doka ta yarda mutum ya shaƙa, daga maikrogiram 40 zuwa 20 a kowace mita kubik, bisa matsakaicin lissafin shekara. Aka yi ta tafi da sambarka. Alhali tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce 10. Ke nan abin da ake murna a kai ninki biyu ne na shawarar masana, kuma har an bar wa ƙasashe ƙofar neman ƙarin wa'adi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda har yau ake ɗaukar wannan iska a matsayin matsalar masu asma kawai. In an yi tari, in ido ya yi yaji, sai a ce hayaƙi ne. In zuciya ta buga, sai a ce gishiri ne, ko gado, ko tunani. Amma ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta nuna cewa cikin mutum miliyan 4.2 da gurɓatacciyar iskar waje ta yi ajalinsu da wuri, kashi 68 cikin 100 ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki suka tafi da su.

Ga yadda abin yake. Duk inda aka ƙona mai da zafi sosai, a injin mota, musamman mai dizal, ko janareto, ko murhun gas, ana samun wannan iska. Ba ta narkewa da sauri a maƙogwaro, don haka sai ta zarce can ƙasan huhu ta tayar da kumburi. Kumburin kuma ba ya tsayawa nan, yana bin jini. Fatar cikin jijiyoyin jini, wadda aikinta shi ne saki da tsukewa yadda jiki ke buƙata, sai ta fara tauri. Jini ya yi ta hawa, ya riƙa saurin daskarewa. Wanda dama kitse ya toshe masa rabin jijiya, gudan jini ɗaya ya ishe shi.

Masu kare masana'antar mota suna cewa NO2 alama ce kawai, ainihin mai laifin ƙurar hayaƙi ce, kuma da wuya a raba tasirinsu. To, sai me? Daga bututu guda suke fitowa, hanci guda suke shiga.

Kuma su wa za a yarda da su? A 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya saka wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi. Da an hau titi, wasunsu kan fitar da har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. An ci tara, an yi shari'a, amma babu kotun da za ta iya cire abin da ya riga ya shiga jinin mutane.

Dubi jariri a keken turawa a bakin titi: hancinsa daidai tsayin salansa yake. Dubi jami'in da ke ba motoci hannu a mahaɗa tun safe. Ka ce masa ya rage gishiri ya riƙa motsa jiki, ya ji. Numfashi fa, ya rage shi?

A mayar da ma'aunin 10 ya zama doka. A gwada motoci a kan titi, ba a ɗakin gwaji ba, a kuma kori tsofaffin injinan dizal daga tsakiyar birane kamar yadda Landan ta fara da cajin masu hayaƙi a 2019. Likitan zuciya ma, bayan ya tambayi majiyyaci ko yana shan taba, ya tambaye shi ko tagar ɗakinsa babban titi take kallo.