Wa ke da Central Park, wa ke da lambun unguwarmu?

Ranar da na fara shiga Central Park bayan zuwana New York, na ɗauka daji ne aka tarar aka zagaye shi da benaye. Ashe kusan duk abin da ido ke gani a wurin, tafki da fadama da inda kowace bishiya ta tsaya, mutum ne ya zauna ya zana, dubban lebura kuma suka haƙa suka dasa. Duwatsun ne na asali, su ma an farfasa da yawa da albarushi. Eka 843 ne, ya miƙe daga titi na 59 har titi na 110 a tsakiyar Manhattan.

A 1858 aka yi gasar zanen, Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka cinye. Olmsted ya taɓa zuwa lambun Birkenhead a Ingila a 1850, ya ga talaka da mai hannu da shuni suna shan iska wuri ɗaya, abin ya tsaya masa a rai. Dabararsu da ta fi burge ni ita ce ta hanyoyi huɗu da suka ratsa lambun daga gabas zuwa yamma. Nutsar da su ƙasa aka yi, aka lulluɓe gefensu da itatuwa, aka ɗora gadoji a kai. Kana tafe da yara bas na wucewa ta ƙarƙashin ƙafarka, da ƙyar ma za ka ji ƙararta. Saboda kekunan doki aka yi haka, tun mota ba ta zo duniya ba, ga shi har yau yana aiki.

Kafin lambun kuwa akwai mutane a wurin. Ƙauyen Seneca, wanda yawancin mazaunansa baƙar fata ne masu mallakar filayensu, da coci uku da makaranta, an tashe shi a 1857. Yanzu sai alluna da aka kakkafa wajen titi na 85 ke tuna da su.

Zane mai kyau bai hana wurin lalacewa ba. A 1975 birnin ya kusa tsiyacewa, aka rage ma'aikata, filayen ciyawa suka koma ƙura, bencina suka kakkarye, jama'a suka fara tsoron shiga. A 1980 aka kafa ƙungiyar Central Park Conservancy ƙarƙashin Elizabeth Barlow Rogers, ta shiga tara gudummawa tana gyara. A 1996 ta raba lambun shiyya 49, kowace shiyya da mai kula da ita, shi za a tambaya in fure ya bushe ko shara ta kwana. A 1998 birnin ya danƙa mata ragamar gudanarwa a rubuce.

To, mu dawo unguwarmu a Bronx, wani yanki na birnin New York. Muna da ƙaramin lambu, ka zagaye shi cikin minti biyar. Sarƙar lilo ɗaya ta tsinke tun damina ba ta wuce ba, wani ya ɗaure ta da igiyar shanya. Famfon shan ruwa in ka danna sai ya yi tari ya yi shiru. Ranar Litinin kwandon shara ya cika ya tumbatsa, motar ma'aikata ta zo ta kwashe ta wuce lambu na gaba. Ba na ganin laifinsu, wurare da yawa ke kansu. Amma babu ɗayansu da na san fuskarsa, kuma babu wanda ya san wace bishiya ce ke ciwo.

Duk wanda na yi wa wannan magana sai ya ce ai kuɗi ne. Gaskiya ne, ba a musu. Da yawa daga maƙwabtan Central Park attajiran Fifth Avenue ne, titin da ke gefensa na gabas, kuma kyan lambun na ƙara wa gidajensu daraja. A 2012 mutum ɗaya, John Paulson, ya ba ƙungiyar dala miliyan 100. Kwatanta da shirin da magajin gari Bill de Blasio ya ƙaddamar a 2014, dala miliyan 130 don gyara ƙananan lambuna 35 a unguwannin talakawa. Duk kason wuraren shaƙatawa bai kai kashi 1 cikin 100 na kasafin birnin ba. Wannan tsari da ya sa kyan lambu ya rataya ga aljihun maƙwabta bai kwanta mini ba, kuma na tabbata ba shi Olmsted ya gani ya yi sha'awa a Birkenhead ba.

Sai dai in aka ce in zaɓi abu ɗaya daga can in kawo nan, ba miliyoyin zan ɗauka ba, mai kula da shiyya zan ɗauka. An sha sabunta lambu a yanka ƙyalle a ɗauki hoto, bayan shekara uku ya koma gidan jiya, don ba a bar kowa a wurin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Albashin mutum ɗaya da zai wuni a wurin, yara su san shi, iyaye su iya tsayar da shi su ce ga famfo ya lalace, ya fi sabon fenti amfani.

Mu a nan wata tsohuwa ce ta ɗaukar wa kanta wannan aiki ba da ko sisi ba. Duk kaka tana karɓo kawunan furen daffodil, masu kama da albasa, waɗanda ake rabawa kyauta a birnin tun 2001, ta durƙusa tana binnewa gefen shinge. Asabar ɗin da ta wuce na tsaya ina kallonta da hannu a aljihu, ko ɗago kai ba ta yi ba ta miƙo mini ƙaramin shebur. Na binne goma sha biyu, gwiwar wandona ta yi baƙi ƙirin, ta biyo baya tana tono huɗu da na kifa kansu ƙasa.