Yadda Motata Ta Rasa Ɗaukar Amarya

Da aka sa ranar bikin ƙanwar matata, taron dangi ya yanke shawarar cewa motata ce za ta ɗauki amarya daga Fadaman Mada zuwa gidan mijinta a Yelwa. Wannan karramawa ce ta sa na ƙare wa motar kallo, sai na lura cewa rim ɗin tayoyin gaba sun yi baƙi ƙirin, alhali na baya ƙurar Bauchi ce kawai ta sauya musu launi. Ta tsakanin ƙarafan rim ɗin kuma ana hango kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki idan an taka, ta yi dumu-dumu da wani baƙin gari.

Maƙwabcina, dattijon da ya daɗe yana jan tirela a hanyar Jos kafin ya ajiye tuƙi, shi ne ya yi mini bayani ba tare da na tambaye shi ba. Ya ce garin nan ba dattin hanya ba ne, birki ne yake cin kansa, domin duk lokacin da aka taka, fad, wato ɗan falle da kalifa ke dannawa a jikin faifan birki, yana gugar faifai, sai ɓarɓashin ƙarfe da na fad ɗin su tashi da zafinsu su manne wa duk abin da ke kusa. Tayoyin gaba sun fi baƙi ne saboda nauyin mota gaba yake komawa a lokacin tsayawa, don haka birkin gaba ne yake ɗaukar mafi yawan aikin.

Ranar Asabar da hantsi, bayan ƙarafan sun huce sarai, na ɗaga motar da jak, na kwance tayar hagu. Na sunkuya ke nan zan hure garin da baki, sai dattijon ya daka mini tsawa daga kan tabarmarsa. "Malam, kada ka hura! Akwai fad ɗin da ake haɗawa da asbesto, kuma idan ya shiga huhu ba ya fita. Jiƙa shi da ruwa." Na ce, "To, Baba." Na kawo bokitin ruwa da omo, sannan na shiga banɗaki na ɗauko wani buroshin haƙori wanda a ganina ya riga ya gama aikinsa a duniya. Gaskiyar magana, ban taɓa ganin abin da ya dace da lungunan kalifa kamar buroshin nan ba, domin ya shiga har gefen robar da ke rufe ƙusoshinta, baƙin ruwa yana ta kwarara a kan siminti, har asalin launin ƙarfen ya fito.

Da aka kira sallar azahar, na bar ɗana ya tsare mini kayan aiki. Faifan birki ƙarfe ne tsirara, kuma da zarar ruwa ya taɓa shi yakan yi ɗan jan tsatsa wanda takun birki na farko yake sharewa. Yaron bai san haka ba, amma yana da kishin mahaifinsa, saboda haka ya shiga kicin ya ɗebo man gyaɗan da aka tanada don suyar cincin, ya shafe faifan da shi gaba da baya. Na dawo na tarar da faifai yana ƙyalli, na yaba wa omo a zuciyata, na mayar da taya, na ɗaure notina.

Gwajin bai yi nisa ba. Kafin na kai Wunti wani ɗan acaba ya gitta, na taka birki, sai tayar dama ta kama, ta hagu kuwa ta ci gaba da harkarta, motar ta karkata dama a hankali cikin natsuwa har ta shige tsakiyar tarin kankana. Babu wanda ya ji ciwo. Mai kankana ya ƙirga waɗanda suka fashe, ya haɗa da waɗanda ya ce sun tsorata, ya faɗi kuɗinsa, na biya.

A gareji, bakanike ya kwance tayar, ya shinshina, sannan ya ɗago ya dube ni. "Alhaji, wa yake toya ƙosai a cikin birkinka?" Ya wanke faifan da maganin feshi na wanke birki, wanda yake bushewa nan take ba ya barin maiƙo, amma ya ce fad ya riga ya sha mai, wanki ba zai fitar da shi ba. Dole aka sauya, kuma na hagu da na dama gaba ɗaya, tunda ba a sauya ɓangare guda.

Labarin ya riga ni isa gida. Dangi suka sake zama, aka mayar da amarya motar wani ƙanin ango, ni kuma aka ba ni jigilar tukwane da kujerun haya. Washegari da asuba surukata, wadda ta sauka a gidanmu saboda bikin, ta aiko yaro ya gaishe ni, ya kuma tambaye ni ko na gama da buroshinta.