Rage Kuɗin Soja Ba Shi Ne Gina Asibiti Ba

Mutane da dama na ɗauka cewa da zarar an zaftare kasafin tsaro, kuɗin zai zarce asibitoci da makarantu. Ba haka lamarin yake ba. Kaso mai tsoka na kuɗin albashi ne da fansho da gyaran kayan aiki, kuma kwangilar jirgin yaƙi kan ɗauki shekaru, soke ta sai da biyan diyya. Ga kuma ɗan majalisar da masana'antar makamai ke mazaɓarsa, wanda da wuya ya yarda a rufe ta, ma'aikatanta su rasa abin yi. Ko an samu rarar ma, majalisa ce ke yanke inda za ta. Bayan rugujewar Tarayyar Sobiyat a 1991 Amurka ta rage kuɗin soja sosai, kuma ragin ya taimaka ne wajen cike giɓin kasafi, har ta samu rara a 1998.