Motar shara ba ta shiga lungu

Duk wanda ya san unguwannin Kano irin su Kurna, Rimin Kebe, Bachirawa da Ɗorayi ya san cewa matsalar shara a can daga ƙuncin hanya take farawa. Motocin hukumar kwashe shara ta jihar, wato REMASAB, suna iya kwashe juji a bakin titi, amma ba za su shiga lungun da baro ma da ƙyar yake wucewa ba. Uwargida za ta miƙa wa almajiri kwandon shara, shi kuma ya juye a kwata ko a kududdufi mafi kusa, domin babu wanda ya tanadar masa wani wuri. Da ruwan Agusta ya sauka, leda ta toshe magudana, ruwan kwata ya koma cikin gidaje da rijiyoyi, sai a shiga jinyar amai da gudawa, kamar yadda aka sha fama a 2021.

A ganina, wannan tazara da ke tsakanin ƙofar gida da bakin kwalta ita ce gurbin ƙananan ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Ƙungiyar da ke da baro, shebur, manjagara da matasan da mai unguwa ya san iyayensu tana iya bin gida gida a ranakun da aka tsayar, ta karɓi ɗan abin da magidanci zai iya bayarwa. Gwamnatin jiha ta miƙa kwashe shara ga kamfani mai zaman kansa a 2021, ta soke yarjejeniyar a 2022, kuma lungunan nan ba su canza ba. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata ma tana da amfani, sai dai gida kullum yake fitar da shara.

Akwai kuma arzikin da muke zubarwa. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen takin bola, jakuna na fita da shi daga birni su dawo da itace. Abin da ya rage masa daraja a yau shi ne ledar fiya wata da fasassun kwalabe. Idan ƙungiya ta koya wa gidaje ware toka, kashin dabbobi da ragowar abinci daban, roba da ƙarfe kuma a sayar wa 'yan jari bola, za ta samu kuɗin gyaran baro ba tare da yawon neman tallafi ba.

Masu cewa wannan ɗauke wa gwamnati nauyi ne suna da hujja, domin aikin gayya yakan mutu idan masu yinsa suka gaji. Shi ya sa nake roƙon attajirai da masu ba da taimako su daina tsayawa a rabon tsintsiya ranar ɗaukar hoto, su ɗauki nauyin alawus na wata wata, da takalman roba da safar hannu ga yaran da ke shiga kwata. Ita kuma hukuma ta ware wa kowace unguwa matattara, ta sanar da ranar zuwan mota, ta kuma cika alkawari, domin sharar da aka fitar daga lungu aka bari mako biyu a bakin titi iska da awaki ne za su mayar da ita Jakara, babbar magudanar ruwan birnin.