Atisayen gobara a wurin aiki: ya kamata doka ta faɗi sau nawa

Kusan kowace ƙasa mai dokar ƙwadago ta yarda cewa dole mai kamfani ya tanadi hanyar da ma'aikatansa za su tsira idan wuta ta tashi, amma da an zo batun gwada wannan hanyar a aikace, sai kowa ya kama gabansa. A ganina, ƙasashen da suka rubuta adadin atisaye ƙarara a cikin doka su ne suka fi kusa da daidai.

A Faransa, dokar ƙwadago ta wajabta wa wuraren da ke tara mutum fiye da 50, da waɗanda ake aiki da abubuwa masu saurin kama wuta, su gudanar da atisaye aƙalla sau ɗaya a kowane wata shida, su kuma rubuta ranar da abin da aka lura da shi a rajistar da sufeton ƙwadago zai iya nema ya duba. Japan ma ta ɗora wa otal-otal da asibitoci da manyan kantuna atisaye sau biyu a shekara. A Ingila da Wales kuwa, dokar kariya daga gobara ta 2005 ta ambaci atisaye cikin nauyin da ke kan wanda ke da alhakin ginin, sai dai ba ta yanke adadi ba. Jagorar gwamnati ce ta ce aƙalla sau ɗaya a shekara. Amurka ta fi sassauci a matakin tarayya, domin OSHA, hukumar kula da lafiya da amincin ma'aikata, tsarin ficewa take nema, a rubuce idan ma'aikata sun haura goma, batun atisayen kuma galibi an bar wa dokokin jihohi da birane.

Masu goyon bayan sassauci suna cewa haɗarin ofishin lauya ba ɗaya ba ne da na masana'antar fenti, don haka a bar kowa ya auna nasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta manta da cewa atisaye yana tsayar da aiki, tsayar da aiki kuma asara ce ga mai kamfani. Wanda ya damu da ran ma'aikatansa zai yi ko ba a tilasta masa ba. Wanda bai damu ba, shi ne aka yi dokar dominsa, kuma shi ne zai fake da rashin adadi.

Abin da atisaye ke koyarwa ba a samunsa a takarda. Sai an kaɗa ƙararrawa ake gane cewa ƙofar baya an toshe ta da kwalaye, ko masu aikin dare ba su taɓa ganin matattarar da ake ƙirga mutane ba, ko kuma babu wanda aka ɗora wa sauko da ma'aikacin da ke kan keken guragu idan an hana shiga lif. Rick Rescorla, shugaban tsaro na kamfanin hada-hadar kuɗi na Morgan Stanley, ya shafe shekaru yana tilasta wa ma'aikata saukowa ta matakala a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York; ranar 11 ga Satumba, 2001, da aka kai wa cibiyar hari, kusan dukkansu suka fita da rai, ko da yake shi bai fito ba.

Duk da haka, adadi kaɗai bai isa ba idan babu mai bibiya. A gobarar masana'antar tufafi ta Tazreen a Bangladesh, cikin Nuwamba 2012, inda mutum aƙalla 112 suka rasu, waɗanda suka tsira sun ce bayan ƙararrawa ta kaɗa, shugabanni sun umarce su da su koma bakin keken ɗinki. Saboda haka dokar da ta dace sai ta haɗa adadi da rajista, ta ba sufeto ikon zuwa ba sanarwa ya tambayi ma'aikata da bakinsu yaushe aka yi atisaye na ƙarshe, ta kuma hukunta duk shugaban da ya hana mutane fita bayan ƙararrawa ta kaɗa.