Ta'azzara ta yi da kanta, ko dagula ta aka yi?

Jiya da safe ina teburin mai shayi a Tudun Wada, nan Gusau, rediyo na kunne. Mai karanta labarai ya ce matsalar tsaro ta ƙara ta'azzara a yankinmu. Wani dattijo da ke gefena ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa at ta'azzara ta?" Mutane suka yi dariya. Ni kuwa tambayar ta biyo ni har gida.

Ta'azzara aro muka yi daga Larabci, ma'anarta abu ya yi tsanani har ya nemi gagarar mutane. Ciwo yana ta'azzara, tsadar hatsi tana ta'azzara. Kalma ce mai babbar riga, shi ya sa 'yan jarida da masu jawabi a taro suke sonta. Abin da ya haɗa ni da ita shi ne yadda aka saba faɗarta ba tare da mai aikatawa ba. "Lamarin ya ta'azzara." Shi ke nan, kamar ƙanƙara ce ta zubo daga sama. Alhali Hausa ta yarda ka ce wane ne ya ta'azzara lamarin, kawai ba a son faɗa ne.

Ni na fi son dagula. Duk wanda ya taɓa ɗiban ruwa a tafki ya san ta da idonsa. Ruwa ya kwanta, laka tana ƙasa abinta, sai wani ya tsunduma ƙafa. Ba shi ya kawo lakar ba, dama tana nan, amma shi ya tashe ta har ruwan ya ƙi shayuwa. Kuma ku lura da wayon Bahaushe: idan yana jin nauyin mai laifi sai ya ce al'amarin ya dagule, idan ya shirya faɗin gaskiya sai ya ce wane ya dagula shi. Wasali ɗaya ne tsakani, amma a cikinsa ake ɓoye mutum.

Ku tuna gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta. Dalmar tana cikin dutsen tun fil'azal. Da aka kwaso duwatsun zinari zuwa cikin gidaje ana daka ana niƙa, ƙura tana sauka inda yara ke rarrafe, sai muka rasa yara kusan 400, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo. Talauci ne ya kai mutane, na sani, ba na zagin kowa. Amma wannan ba ta'azzara ba ce kurum, hannu ne ya dagula.

Haka a Satumbar 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe a farkon shekarar, da aka katse layukan waya a jihar nan aka rufe kasuwannin mako. Niyyar gyara ce, kuma akwai masu ganin ta yi amfani. Ni abin da na gani shi ne talaka ya kasa sayar da akuyarsa, ya kasa kiran ɗan'uwansa ya ji ko yana raye. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Akwai ta uku da matasa suka fara mantawa: fami. Mai gyambo ya san ta. Ciwo ya fara kamewa, sai ka buge shi a bakin ƙofa, ya dawo ɗanye. Fami ba ya bukatar mugunta, yawanci ma masoyi ne ke yi. Na je jaje gidan wata gwaggona da aka sako ɗanta bayan an sayar da gona, sai ga wata baƙuwa tun ba ta gama zama ba tana tambaya, "Nawa kuka biya?" Gwaggo ba ta ce komai ba. Ta miƙe ta shige ɗaka, har muka tafi ba ta fito ba.