Fam 1,000 a mako, amma ba mai yanke wa Inna farce

Raina a ɓace yake da irin riƙon da ake yi wa tsofaffin da ba sa iya yi wa kansu komai a wasu gidajen kula da tsofaffi a nan Ingila. Surukata Inna tana ɗaya daga cikin gidajen tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. Abin da ake biya duk mako ya haura fam 1,000, amma buɗe hannunta na hagu ka sha mamaki. Hannun da ya shanye dunƙulewa yake yi, farce kuwa ba ya daina tsiro, kusan milimita 3 yake ƙaruwa duk wata. Ya yi zaƙo-zaƙo har ya nutse a tafin hannu, gumi da dauɗa sun taru, wurin yana ɗoyi, fata ta fara saɓulewa. Baiwar Allah ba ta da bakin cewa tana jin zafi.

Na daman kuma da shi take cin abinci, da shi take sosa jiki. Mai kwana da wuni cikin famfas, kowa ya san abin da ke maƙalewa a farcensa.

Da na yi magana sai aka ce tana da ciwon suga, ma'aikata ba sa taɓa farcen ƙafarta sai likitan ƙafa ya zo, kuma kuɗinsa daban. Wannan na yarda, don ɗan yanka a ƙafar mai suga kan zama gyambo har a kai ga yanke ƙafar. To hannun fa? Ruwan ɗumi da sabulu da tawul ma sai an jira likita?

Ban ga laifin ma'aikatan ba. Da yawansu 'yan uwanmu ne daga Najeriya da Gana, su kaɗan tsofaffi da yawa, gudu suke daga wannan ɗaki zuwa wancan. Laifin na masu gidan ne, da suka san karɓar kuɗi amma suka ƙi ƙara hannu.

Inna mace ce da Juma'a ba ta wuce ta ba ta yanke farce ba, kuma hadisin Anas ya ce kada a bar shi ya haura kwana 40. Dokokin kula da masu rauni na 2014 a ƙasar nan su ma sun wajabta kare mutuncin wanda ake jinya. Na rubuta wa manajan takarda: a buɗe hannun nan a wanke a tsane kullum, a duba farce duk mako, a rubuta a littafin jinyarta inda zan gani da idona. In ba haka ba, gaba zan kai ƙara.